Ranar da Tsohuwa Ta Yi Harbi a Bayan Manga

Akwai labari guda da ku ukun nan kuke ba 'ya'yanku a kaina, kuma na ji shi daga bakin kowannenku. Rifkatu takan ba da shi a gajarce. Lami ba ta kai ƙarshe sai ta yi hawaye. Yakubu kuwa, da yake soja ne kamar ubansa, har yawan 'yan bindigar yake faɗa da irin makaman da suka riƙe, alhali a ranar yana can bariki, tafiyar kwana guda daga Zuru. Labarin shi ne wai 'yan bindiga sun tare mu a bayan Manga muna kwaso dawa, mahaifiyarku Saratu ta karye a ƙugu wajen gudun tsira, ni kuma na tsaya harsashi na wucewa na gyara tarakta na fitar da matan da ke tare da mu. Karayar uwarku gaskiya ce. Gyaran tarakta ma gaskiya ne. Sauran duk babu shi, kuma ni na bar shi ya yi girma har ya fi ƙarfina. Na tsufa, hannuna ya soma rawa, saboda haka zan rubuta muku yadda abin ya faru tun biro bai gagare ni ba.

Kun san taraktar da muke kira Tsohuwa. Na saye ta a gwanjo shekarar da na bar soja, tana kwance ƙarƙashin mangwaro, kaji na ƙwai a kan kujerarta. Fetur take sha, ba gas ba kamar na yanzu, kuma sitatarta ta mutu tun kafin ta zo hannuna, sai da handul ake tayar da ita. Mutane sun yi mini dariya sosai, har wani ya tambaye ni ko tukwane zan sa a ƙera da ita. Wata huɗu na yi ina kwance ta ina haɗawa, ran da ta tashi kuwa masu dariyar ne suka fara zuwa neman in yi musu huɗa. Shekara ashirin ta yi tana ciyar da mu. Ina alfahari da ita, kuma ina alfahari da kaina fiye da yadda ya kamata.

Sai na ɗan yi muku bayanin sana'a, don in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. Injin fetur da tartsatsin wuta yake aiki. Akwai wani ɗan kwano a gefen injin da muke kira distirbuta, shi ke raba wuta ga filogi huɗu, a cikinsa kuma akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗe baki su rufe. Duk lokacin da bakin ya buɗe, wuta ta tafi. Abin da muke kira taimin shi ne a sa bakin nan ya buɗe daidai lokacin da fistin ya kusa kai ƙololuwa da mai a matse. In wuta ta yi gaggawa, injin ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma wajen tayarwa handul ya dawo da baya ya karya maka hannu. In wuta ta makara, injin ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, mai ya riƙa fita bai gama ci ba yana taruwa a salansa. Salansar in ta yi ja, ranar da ka saki totur a gangara, sai man nan ya fashe a cikinta. Ƙarar ba ta da bambanci da ta bindiga.

Wanda ya koya mini wannan shi ne Malam Ummaru, wani Bakabe da na yi aiki a ƙarƙashinsa a garejin soja ina saurayi. Shi bai yarda a saita taimin da kunne ba. Akwai layi da aka zana a babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, ana leƙa shi ta wata 'yar kafa. Sai ya sa a juya injin a hankali har layin ya zo daidai, ya sa siririyar takardar taba a bakin kwantak, ya riƙa juya kwanon kaɗan-kaɗan har takardar ta saku. Nan ne wurin, sai ya ɗaure noti. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Ina iya tayar da injin, in sassauta kwanon, in juya shi ina saurare har in ji muryar ta zauna, kafin Malam Ummaru ya gama neman takardarsa na gama. Wata rana ya kama ni ina yi, ya tsaya ya saurara, ya ga babu kuskure, amma duk da haka ya ja mini kunne har sai da na ji zafi.

"Kai yaro, mi kake taƙama da shi? Kunnen ga naka zai tsuhwa ya bar ka. Layin da anka zana ga ƙarhe shina nan, ba ya zuwa ko'ina. Ka bi layi."

Na ce to, na ci gaba da abina. Shekara arba'in da wani abu kunnena bai taɓa ba ni kunya ba, har makanikan Zuru sukan turo mini injin da ya gagare su in saurara. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne kunnen ya soma tafiya. Ƙarar manyan bindigogi da ta janareta sun ci rabonsu. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓace mini, sannan ƙarar cokali a kwano, sannan muryar jikokina a waya. Na koyi kallon bakin mutum in yana magana. In ban gane ba sai in yi fushi in ce ba a iya magana da babba ba, kuma kun sha wannan faɗan ba tare da laifinku ba. Uwarku ta sani. A coci takan matso ta maimaita mini abin da aka sanar kamar tana yi wa kanta magana, ni kuma in yi kamar na riga na ji. Ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba.

Shekarar da nake ba ku labari, tsoro ya cika ƙasarmu. Kullum sai ka ga mutane sun shigo Zuru da tabarmi da tukwane a ka, daga wajen Kanya, daga wajen Dirin Daji, kowa da abin da ya gani ko ya ji. Babur in ya wuce da gudu sai mata su kwashe yara su shige ɗaki. Mun dai yi ƙarfin hali mun yi noma a gonakinmu na bayan Manga, gindin duwatsu, Allah kuma ya ba da dawa irin wadda na daɗe ban gani ba. Da lokacin girbi ya yi aka zauna aka tsara. Ba mai zuwa shi kaɗai. Za a riƙa tafiya tare da safe, ana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, 'yan sa-kai huɗu na rakiya da bindigoginsu na toka, Tsohuwa ta ja tirela ta kwaso dawa da mata, kuma ko an gama ko ba a gama ba, kafin la'asar kowa ya bar daji. Shugaban 'yan rakiyar shi ne kawunku Tanko, ƙanen uwarku, wanda na san shi tun yana kawo mana ruwa lokacin da nake golmo, noman neman aure, a gonar ubansu. Gidaje da yawa sun dogara da taraktar nan, don babu wanda zai yarda ya yi ta zirga-zirga da dami a ka a wannan hanya.

Mun yi kwana uku lafiya. Ana gobe za a shiga gonarmu, na ga kwantak ya ci, na sa sabo. Tazarar bakinsa na auna ta daidai, wannan aikin ido ne. Amma duk wanda ya canza kwantak dole ya sake duba taimin. Na tayar da injin a tsakar gida, na sassauta kwanon, na sunkuya na kasa kunne kamar kullum. 'Ya'yana, ban ji komai ba sai wani gunji mai kauri kamar ina ƙarƙashin ruwa. Na juya dama, gunji. Na juya hagu, gunji. Ina iya kashe injin a lokacin in nemi takarda in bi layi, aikin da bai wuce rabin awa ba. Amma akwai maƙwabta biyu a zaune a bakin zaure suna kallona, mutanen da suka saba cewa Saje, wato ni, ba ya buƙatar awo. Sai na tuna hannuna ya tsufa, ba na son handul ya dawo mini, na tura kwanon wajen makara yadda na ga dama, na ɗaure noti, na miƙe ina goge hannu kamar wanda ya gama aiki. Uwarku na bakin murhu. Da maƙwabta suka tafi ta zo ta tsaya a gabana inda zan ga bakinta.

"Baban Rifkatu, muryar Tsohuwa ba haka take ba."

"Yaushe kika zama makanike?"

"Shekara ashirin ina jin ta daga madafa. Yau numfashinta ya yi nauyi. Da ka kashe ta ma ta yi tari sau ɗaya, ba ka ji ba?"

"Na ji," na ce. "Sabon kwantak ne, zai zauna."

Ban ji ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta koma wajen tuwonta.

Washegari tun a hanyar zuwa na san akwai matsala. Tsohuwa na hawa tudu da ƙyar ba kaya a bayanta, zafin injin na dukan ƙafafuna. Na ce a raina in mun dawo gida zan gyara ba wanda ya gani. Muka yi aiki, matan zumuntar coci suna yankan kan dawa ba mai waƙa, abin da ban taɓa gani ba a girbi. Kowa na aiki yana waige. Rana ta karkata muka cika tirela, mata suka hau kan kaya, wasu da goyo, uwarku a can baya inda takan zauna don ta riƙa lura da abin da zai faɗo. Tanko da mutum ɗaya suna gaba a ƙasa, biyu suna baya. Akwai wata gangara tsakanin duwatsu biyu kafin a kai rafi, gonakin dawar da ba a yanka ba sun rufe hagu da dama, sun fi mutum tsawo. Muna shiga gangarar na saki totur.

Wannan ƙarar kam na ji ta. Na ji ta a kujera, na ji ta a haƙorana. Salansar Tsohuwa ta ƙarƙashi take bi ta fita baya, daidai gaban tirela, na waiga na ga wuta ta fito daga bakinta. Sau biyu a jere, sannan na uku. Duwatsu suka amsa ta kowane gefe. Kafin in buɗe baki Tanko ya durƙusa ya saki wuta cikin dawa, sauran ukun suka bi shi, hayaƙi ya turnuƙe hanya. Mata suka riƙa dirowa daga kan kaya suna faɗawa cikin gona. Ni da na yi shekaru a fagen daga, ƙafata ta zame daga kan kuloci, Tsohuwa ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Wannan tsallen ne ya jefo uwarku. Tana tsaye tana miƙa wa wata yarinya jaririnta, ta faɗo da ƙugu a kan dutse.

Na same ta kwance, ƙafarta ta dama ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi kuka ba, sai gumi. Na durƙusa na ɗago kanta, ta dube ni, na ga ta sani. Ban da ni, ita kaɗai a duk wurin ta san babu kowa a cikin dawar nan sai matan da suka gudu. Tanko ya rarrafo yana cusa albarushi, idanunsa sun yi ja, ya kama kafaɗata yana ihu, shi ya sa na ji shi.

"Saje, suna cikin dawa! Na ga mutum biyu ta wajen dutse! Tayar da ita mu bar nan!"

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a soja. Na lissafa abin a raina cikin ƙiftawar ido. In na tayar da ita yadda take, akwai sauran gangara a gaba, za ta sake harbi. In ta sake, mutanen Tanko za su sake sakin wuta kan duk karan da ya motsa, kuma matanmu ne a cikin karan da 'ya'yansu. In ban tayar ba, ba mai iya ɗaukar Saratu a ka har Manga da wannan karaya. Ga shi mun yi harbin da aka ji a duk dajin, kuma in akwai mutanen da muke tsoro a kusa, mun gaya musu inda muke. Inuwar dutse ta riga ta kai tsakiyar hanya. In kuma na yi saurin murɗa kwanon da ka na wuce wuri, handul ya dawo ya karya ni, to babu wani a cikinmu da ya iya tuƙi. Ya kamata in ce wa Tanko taraktata ce, ba kowa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Kada wanda ya ƙara harbi, matanmu na ciki. Ka tara su a bayan tirela. Injin ya samu matsala, ka ba ni ɗan lokaci."

Ya tafi yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa. Na zaro sifana na cire filogi na ɗaya, ƙarfen ya ƙone mini yatsu ban kula ba. Na kira ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya riƙe handul, na toshe ramin filogin da babban yatsana, na ce ya juya a hankali. Da na ji iska na turo yatsana na san fistin na hawa da matsi. Na koma na kwanta na leƙa kafar nan da na yi shekaru ban leƙa ba, ta cika da baƙin mai, na goge da bakin rigata, ina yi masa alama da hannu yana matsawa kaɗan-kaɗan. Sai ga layin ya bayyana, siriri, yana nan inda Malam Ummaru ya ce zai kasance. Na ɗaga hannu ya tsaya. Na buɗe murfin kwanon, na sassauta noti. Saura takarda. Na laluba aljihuna babu, na daina shan taba tun kafin a haifi Lami. Wanda ke riƙe da handul ma ba ya sha. Kwalin ashana ya yi kauri, ganyen dawa zai yage. Na tsaya kamar wawa da sifana a hannu, ina kallon duwatsu, kowane kututture na zama mutum a idona.

Sai na ga hannun uwarku na motsi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan littafin ibadarta, wanda ba ta rabuwa da shi, mai siraran takardun nan. Ta buɗe can ƙarshe inda akwai farar takardar da ta rubuta sunayenku da ranakun haihuwarku, ta yage rabin ƙasa inda ba rubutu. Na karɓa na sa a bakin kwantak, amma hannuna na rawa har takardar na kaɗawa. Aikin na son hannu biyu a kan kwanon, da wani hannu natsattse da zai riƙa jan takardar a hankali ya ji lokacin da ta saku. Ta ga halin da nake ciki.

"Ku ɗaga ni," ta ce.

"Saratu, ƙafarki."

"Ku ɗaga ni, Baban Rifkatu. Rana na tafiya."

Muka jawo buhu biyu muka jingina su da tayar gaba, muka ɗora ta. Lokacin da muka ɗaga ta ta ciji gefen zanenta, na ga jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ta kama takardar da yatsu biyu. Na ce mata ta riƙa ja kaɗan, da ta ji ta saku ta gaya mini. Ta girgiza kai, ta sa ɗaya hannun ta kama wuyan hannuna, ta matso da bakinta inda zan gani.

"Ba za ka ji ni ba. Zan matse ka."

Wannan ne karo na farko da ɗayanmu ya faɗi abin. Na juya kwanon ta inda wuta ke makara har bakin ya kama takardar sosai, sannan na soma dawo da shi, kaɗan, kaɗan, kamar mai taɓa gyambo. Gumi na shiga idona. Ina ganin mata na fitowa daga cikin dawa ɗaya-ɗaya suna rarrafe, wata ta toshe bakin jaririnta da hannu. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwan da ba sa jin komai. Na ci gaba da juyawa, na ga nisan da nake dawowa, na gane yadda na kauce jiya, kunya ta rufe ni a kan tsoron. Sai yatsunta suka nutse a hannuna. Na tsaya cak. Na riƙe kwanon da hannu ɗaya na ɗaure noti da ɗayan, na sake gwadawa don in tabbata bai motsa ba, na mayar da murfi da filogi. Aka ɗauke ta aka kwantar a kan dawa, mata suka kewaye ta. Na kunna makulli, na kama handul yadda aka koya mini, babban yatsa a gefe ɗaya da sauran, na yi addu'a gajeriya, na ja sama. Tsohuwa ba ta tashi ba. Na sake. A ja na uku ta kama, handul bai dawo ba. Na waiga wajen tirela. Uwarku ta karkata kai tana saurare, idonta a rufe, sannan ta ɗaga hannu ta gyaɗa mini kai. Muka sauka gangarar a giya ɗaya, ina jiran ƙarar a kowane taku, bayana duk a sandare. Ba ta sake yi ba har muka shiga Manga.

Kafin mu kai Saratu asibiti a Zuru labari ya riga mu. An kai hari, 'yan sa-kai sun mayar da wuta, Saje ya yi jarunta. Wanda ya ga mutum biyu da yamma, washegari biyar ya gani. Dattawa suka zauna suka hana kowa komawa gonakin bayan Manga. A nan babban laifina yake, ya fi na taimin nauyi. Da na je wurinsu da safen nan na ce taraktata ce ta yi tari, da an zage ni, an yi mini dariya, jibi a koma a kwashe dawa. Na yi niyya, har na sa hula. Sai na tuna za a tambaye ni yadda aka yi ban ji injin ba, na tuna zan tsaya gaban Tanko in ce masa ni na karya yayarsa, na cire hular na ce gobe. Goben ta zama mako. Dawar gidajen da ba a kai ga gonakinsu ba ta tsaya a daji, tsuntsaye da birai suka ci, gobarar daji ta ƙarasa sauran. Na ga matan da suka yi mana girbi suna auna hatsi a kasuwa tun kafin bazara. Na riƙa aika musu daga rumbunmu, ana cewa Saje mutumin kirki ne. Ranar da aka kira ni gaban ikilisiya aka yi mini addu'ar godiya, ina tsaye ina fata ƙasa ta buɗe.

Uwarku ta yi wata uku a kwance, ta tashi da sandar da kuka san ta da ita har ƙarshen ranta. Ba ta taɓa gorantawa ba. Sau ɗaya kawai na tayar da maganar, muna zaune tana tsince wake.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba nawa ba ne. Kai ka ɗaure notin."

"In na faɗa, ba ni da sauran fuska a garin nan."

"To ka zauna da fuskar," ta ce. "Ni dai na san abin da na ji."

Daga shekarar ban ƙara taɓa taimin ba sai da layi da takarda, kuma ban ƙara tayar da Tsohuwa ba sai uwarku tana zaune a kan kujerarta a bakin madafa tana saurare. In ta gyaɗa kai in fita, in ta girgiza in kashe. Bayan mun binne ta, da baƙi suka watse, na je na samu Tanko a gidansa na gaya masa komai, tun daga kunnena har zuwa wutar da na gani a bakin salansa. Ya saurara har na gama, sannan ya dafa gwiwata.

"Yaya, baƙin ciki ne ke sa ka wannan magana. Ni na gan su da idona. Je ka ka huta."

Na je wurin dattijo ɗaya cikin waɗanda suka hana komawa gona, shi ma ya ce tsufa ne. Na makara da gaskiyar har ta rasa mai karɓa, shaidata guda kuma tana ƙasa. Ku kaɗai kuka rage mini. Ba na neman ku ce ba komai, don da komai. Ina so ku daina ba jikokina labarin jarumi. In za ku ba su labari, ku ce kakansu ya kurmance ya ɓoye, kakarsu kuma ta riƙe takarda da karyayyen ƙugu hannunta bai yi rawa ba.

Rifkatu, littafin ibadarta yana wurinki, ke kika ɗauka ranar da aka raba kayanta. Kin taɓa tambayata wane yaro ne ya yage takardar ƙarshe daga ƙarƙashin sunan Lami, na ce ban sani ba. Guntun yana cikin wannan ambulan, da tabon baƙin mai inda yatsunta suka riƙe. Ki ɗora shi a wurinsa, za ki ga bakin ya haɗu.